Shinge da gangara: dabarar da ta hana masu tsaron ƙwallon kwando barci

Saura kusan minti ɗaya a tashi daga wasa na bakwai, wasan raba gardama na gasar NBA ta 2016, allo yana nuna 89 da 89. An shafe mintuna babu wanda ya iya jefa ƙwallo a kwando tsakanin Golden State Warriors da Cleveland Cavaliers. Kocin Cleveland, Tyronn Lue, ya nemi hutun shawara, abin da ya tsara kuma ba shi da wata sarƙaƙiya. Klay Thompson ne ke gadin Kyrie Irving, kuma Thompson gwani ne a gadi. Sai J.R. Smith ya zo ya tsaya a hanyarsa, ya tokare shi da jiki. Stephen Curry, wanda ke gadin Smith, shi ya karɓi Irving. Abin da Cleveland ke nema ke nan tun farko. Irving ya ɗan yi wasa da ƙwallon, ya matsa dama, ya saki jifan maki uku ta saman hannun Curry. Ta shiga, saura daƙiƙa 53.

Warriors suka dawo da makami iri ɗaya. Draymond Green ya tare mai gadin Curry, aikin ya faɗa wuyan Kevin Love, dogon da aka daɗe ana cewa ƙafarsa ta cika nauyi. A kakar nan Curry ya ci jifan maki uku har 402, abin da ba a taɓa gani ba, ƙungiyarsa kuma ta ci wasa 73 cikin 82. Duk wanda ke kallo ya ɗauka Love ya shiga uku. Amma ya manne masa, Curry ya yi hagu ya yi dama, ya miƙa wa Green ya sake karɓa, Love na nan a gabansa. Da ya yi jifan, bai shiga ba. Aka tashi 93 da 89, Cleveland ta ɗauki kofinta na farko.

A cikin minti guda, ƙungiyoyi biyu sun fuskanci tambaya ɗaya, sun ba da amsa ɗaya, wato musayar mutum. Ta ci ɗaya, ta fisshe ɗaya. Duk wanda ke son fahimtar tsaro a ƙwallon kwando na wannan zamani, daga nan ya kamata ya fara.

Dabarar da 'yan wasa ke kira fik-an-rol, shinge da gangara, mutum biyu kawai take buƙata. Ɗaya yana riƙe da ƙwallo, galibi gajere mai zafin nama. Ɗayan, galibi dogo mai faɗin ƙirji, sai ya zo ya kafe ƙafafunsa kusa da mai gadin abokinsa, ya zama shinge. Doka ta yarda da haka muddin ya tsaya cak. In ya motsa ya bangaji mutum, alƙalin wasa zai busa masa laifi. Mai ƙwallo ya goga kafaɗarsa da ta mai shingen ya wuce, mai gadinsa ya maƙale a baya. Shi kuma mai shingen ya juya ya gangara gindin kwando da gudu yana jiran a miƙo masa.

A wannan ɗan taƙin, wanda bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, mai gadin dogon ya zama shi kaɗai a gaban mutum biyu, kamar mai gadi guda a gida mai ƙofa biyu. In ya tari mai ƙwallo, an cilla wa dogon sama ya danna a kwando. In ya bi dogon, mai ƙwallo ya samu fili ya yi jifansa a natse. In wani daga cikin sauran ukun ya bar mutuminsa ya kawo ɗauki, to an bar maharbi a kusurwa shi kaɗai. Babu tsarin da ke rufe waɗannan ƙofofi gaba ɗaya, kuma ban yarda akwai kocin da zai taɓa ƙirƙiro shi ba. Abin da koci ke yi shi ne ya zauna ya zaɓi asarar da ƙungiyarsa za ta iya ɗauka, ya koya wa mutum biyar su yarda da wannan zaɓin, su tsaya a kai ko da 'yan kallo na zagi.

Dabarar tsohuwa ce. John Stockton da Karl Malone sun shafe kaka 18 tare a Utah Jazz, daga 1985 zuwa 2003, mafi yawanta a ƙarƙashin koci Jerry Sloan, suna yin abu ɗaya da kowa ya san za su yi, aka kuma kasa hana su. Stockton ya yi ritaya da miƙa ƙwallon da aka ci har 15,806, tarihin da har yau babu wanda ya kamo, Malone kuma da maki 36,928. Amma a zamaninsu dabara ce ɗaya cikin dabaru. Yawancin ƙungiyoyi sun fi son su jefa wa ƙaton ɗan tsakiya ƙwallo a gindin kwando ya yi ta ture mutum da baya.

Doka ce ta sauya lissafin. A 2001 hukumar NBA ta soke tsohuwar dokar da ke tilasta wa kowane mai tsaro manne wa mutum guda, ta halatta tsaron yanki, da sharaɗin kada mai tsaro ya wuce daƙiƙa uku a gindin kwando ba tare da yana gadin wani ba. Nan take rayuwa ta yi wa ƙattan gindin kwando wuya, domin yanzu ana iya yi musu zobe tun ƙwallo ba ta iso ba. A 2004 kuma aka tsananta hana mai gadi ɗora hannu a jikin mai ƙwallo a nesa da kwando. Gajeru masu gudu suka samu 'yanci. A kakar nan Steve Nash ya koma Phoenix Suns ya haɗu da Amar'e Stoudemire a hannun koci Mike D'Antoni, suka baza maharba a gefe da gefe, suka bar tsakiya fayau domin shinge da gangara. Sun ci wasa 62, Nash ya zama gwarzon gasar sau biyu a jere, a 2005 da 2006. Daga nan kowa ya kwaikwaya. Yau da wuya ka kalli minti biyu na wasan NBA ba ka ga an kafa shinge a saman fili ba.

Shawara ta farko tana hannun wanda aka kafa wa shingen. Ko dai ya bi ta saman shingen, ya kutsa tsakanin mutum biyu yana bin mai ƙwallo a gindi a gindi, ko ya zagaya ta ƙasa ya tare shi a ɗaya ɓangaren. Zagayawa ta ƙasa ta fi sauƙi, kuma ita ake yi wa wanda jifansa na nesa ba abin tsoro ba ne. Amma ka yi wa Curry ko Damian Lillard haka, kafin ka fito daga bayan shingen ƙwallo ta bar hannunsa. Dole a bi su ta sama, wanda ya bi ta sama kuwa a baya yake, ko da rabin taku ne. Wannan rabin takun shi ake neman wanda zai biya.

Hanya mafi zafi ita ce a yi wa mai ƙwallo taron dangi. Da zarar an kafa shinge, dogon mai tsaro ya fito da gudu, su biyu su rufe mai ƙwallo, hannuwa sama, su kore shi baya zuwa tsakiyar fili. Miami Heat ta Erik Spoelstra ta yi suna da wannan a shekarun LeBron James da Dwyane Wade da Chris Bosh. A watan Fabrairun 2012, lokacin da sunan Jeremy Lin na New York Knicks ya cika duniya, Miami ta yi masa wannan rufdugun daga farkon wasa har ƙarshe. Jifa ɗaya ya ci cikin 11, ya zubar da ƙwallo sau takwas. Sai dai wanda ya sa mutum biyu a kan ɗaya ya bar uku a gaban huɗu. In mai ƙwallo ya iya fitar da ita daga tarkon, saura gudu da addu'a. San Antonio Spurs ta Gregg Popovich ta nuna haka a wasannin ƙarshe na 2014: ƙwallo na fita daga hannun Tony Parker zuwa Boris Diaw, daga Diaw zuwa kusurwa, daga kusurwa zuwa wani, 'yan Miami na bin iska. A wasa na uku Spurs ta ci maki 71 kafin hutun rabin lokaci, ta kuma ɗauke kofin da ci huɗu da ɗaya. Golden State ma a kan wannan raunin ta gina gidanta. A rufe Curry, ya cilla wa Green a tsakiya, Green ya taho da ƙwallo yana zaɓen wanda zai ba.

Tom Thibodeau ya bi ta wata hanyar. Shi ne mataimakin koci mai kula da tsaro a Boston Celtics da ta ci kofin 2008, daga baya ya karɓi Chicago Bulls a 2010. Duk wanda ya kalli wasannin Bulls a shekarun nan ya san dusasshiyar muryarsa daga bakin fili yana ihun “Ais! Ais!” Ma'anar kiran a wurin 'yan wasansa ita ce: in an zo kafa shinge a gefen fili, kada a bar mai ƙwallo ya yi amfani da shi sam. Mai gadi ya yi tsalle ya tsaya tsakaninsa da shingen, ya ba shi hanya ɗaya tak, ta bakin layi, inda dogon ke jiransa. Layin gefe ya zama mai tsaro na shida da ba ya gajiya. Sauran ukun kuma su karkato ɓangaren da ƙwallo take, suna shiga gindin kwando suna fita kafin daƙiƙa uku ta cika. Hikimar ita ce wanda ya shiga tsakiyar fili yana ganin kowa, yana iya miƙawa hagu ko dama. Wanda aka matse a gefe rabin fili kawai yake gani. Cikin 'yan shekaru kusan kowace ƙungiya ta ari wannan tsarin, masu kai hari kuma suka mayar da martani da kafa shingen a tsakiyar fili, inda babu layin da za a kora mutum.

A tsakiyar ne aka fi ja da baya. Dogon ba ya fitowa. Yana komawa kusa da kwando, fuskarsa na kallon mai ƙwallo, yana ja da baya a hankali yadda mai gangarowa ba zai wuce shi ba. Mai gadi ya biyo ta saman shinge yana damun mai ƙwallo daga baya. Sauran ukun su zauna a kan mutanensu. Abin da aka bari a buɗe shi ne jifa daga tsaka-tsaki, wanda maki biyu kawai yake bayarwa. Lissafin a fili yake. A ce mutum yana cin huɗu cikin goma na irin wannan jifan, ya tashi da maki takwas. Wanda ke cin uku da rabi cikin goma daga bayan layin maki uku ya tashi da goma da rabi. Wanda ya isa gindin kwando kuwa ya fi su duka. A kusurwa ma layin ya fi kusa, mita 6.70 ne maimakon 7.24 na saman fili, shi ya sa koci ke jin zafin jifan kusurwa fiye da kowane.

Mike Budenholzer ya ɗauki wannan lissafin da gaske da ya je Milwaukee Bucks a 2018. Ya ajiye Brook Lopez a gindin kwando, Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, yana shawagi a gefe yana jiran wanda zai kuskura ya shigo. Kaka biyu a jere babu ƙungiyar da ta kai su tsaro. Amma a wasannin neman kofi, inda kake haɗuwa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, gwanaye kan zo su zauna a wannan filin da aka bar musu. A 2021 Trae Young na Atlanta Hawks ya zuba musu maki 48 a wasan farko na zagayen kusa da na ƙarshe, da yawa daga ciki da ɗan jifan nan mai laushi da ake sakewa ta saman dogo kafin a iso gare shi. Chris Paul na Phoenix Suns ya yi musu 32 a wasan farko na zagayen ƙarshe. Milwaukee ta ci kofin a shekarar, amma sai da ta sassauta taurin kai: wani lokaci a matso da Lopez gaba, wani lokaci a yi musaya, sannan aka ɗora Jrue Holiday a kan Paul tun daga ƙarshen fili, ya hana shi isowa wurin shingen da sauran numfashi.

Musaya ita ce amsar da ta fi kama hankali a ido. In an kafa shinge, ni in karɓi naka, kai ka karɓi nawa, babu wanda ya bar kowa, babu rami. 'Yan wasa kan yi kira ɗaya, “Suwic!”, shi ke nan. Golden State ta Steve Kerr ta nuna ana iya cin kofi da ita a 2015, saboda tana da mutum huɗu ko biyar masu tsawo kusan ɗaya, ga Green da zai iya gadin ƙato yanzu, anjima ya gadi gajere. Houston Rockets ta kakar 2017-18 ta kai abin maƙura. An gina ta ne musamman domin ta karya Warriors, da irin su P.J. Tucker da Trevor Ariza, suna musaya a kan kowane shinge. Ta ci wasa 65, kuma a zagayen kusa da na ƙarshe ta tsayar da Warriors mai Curry da Thompson da Kevin Durant a maki 92 da 94 a wasa biyu a jere. Abin da ya kayar da ita ba tsaro ba ne. Chris Paul, wanda ke Houston a lokacin, ya ji rauni a cinya a ƙarshen wasa na biyar, a wasa na bakwai kuma suka ɓarar da jifan maki uku 27 a jere.

Kuɗin da musaya ke karɓa shi ne wanda Curry ya biya a hannun Irving. Masu kai hari sun daina kafa shinge domin buɗe hanya kawai, sun koma farauta. Su duba wane ne mafi rauni cikin masu tsaro biyar, su kira mutumin da yake gadi ya zo ya kafa shinge, a yi musaya, gwaninsu ya samu wanda yake so, kowa ya ja gefe. Sannan in gajere ya karɓi dogo, akwai matsalar ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, domin wanda ya fi tsawo shi zai tsince ta.

A nan nake so in tsaya a kan Rudy Gobert, domin a kansa ne aka fi yin rashin adalcin da ke damuna a yadda muke kallon wasan nan. Bafaranshe ne mai tsawon mita 2.16, ya ci kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu, a 2018 da 2019 da 2021 da 2024, adadin da Dikembe Mutombo da Ben Wallace kaɗai suka kai kafin shi. Kofin kyautar ma yanzu sunan Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yake ɗauke da shi. Duk da haka, in ka ambaci Gobert a gaban masu bin NBA, dare biyu za su tuna maka.

Na farko a watan Yunin 2021 ne, yana Utah Jazz. Utah, wadda ta fi kowa cin wasa a kakar, tana gaban Los Angeles Clippers da maki 25 a wasa na shida. Tyronn Lue, wanda a lokacin shi ke horar da Clippers, ya cire dogayensa ya zuba maharba biyar a fili. Gobert ya rasa wanda zai gada a kusa da kwando, aka ba shi Terance Mann, wanda ya je ya tsaya a kusurwa. Mann ya ci maki 39, Clippers ta ci wasan 131 da 119, Utah ta koma gida. Aka yi ta yawo da hotunan Gobert yana gudu zuwa kusurwa a makare. Amma duk wanda ya mayar da bidiyon baya daƙiƙa uku zai ga abin da ya janye shi daga kusurwar. Reggie Jackson da Paul George suna wuce masu gadinsu kamar babu kowa a gabansu, sau da yawa ba tare da ko shinge ba. Donovan Mitchell na fama da idon sawu, Mike Conley bai gama warkewa daga ciwon cinya ba. Gobert na da zaɓi biyu, ya bar maki biyu tabbatattu a gindin kwando, ko ya tare ya bar kusurwa. Ya tare, kamar yadda aka koya masa. Wanda ya kamata ya zagayo ya rufe masa kusurwar bai zo ba. Gaba kura, baya sayaki, kuma kyamara shi ta kama.

Na biyu a watan Mayun 2024 ne, yana Minnesota Timberwolves. Saura daƙiƙoƙi a tashi daga wasa na biyu da Dallas Mavericks, Dereck Lively ya kafa shinge, aka yi musaya, Jaden McDaniels ya saki Luka Dončić, Gobert ya karɓe shi a can bayan layi. Dončić ya kai shi ya kawo shi, ya ja da baya ya saki jifan maki uku, Dallas ta ci 109 da 108. Wannan karon ma tambayar da ta dace ba a kan ƙafar Gobert take ba. Kowa ya san Dončić dogo yake nema a irin wannan lokacin. Me ya sa aka miƙa masa shi cikin sauƙi, alhali McDaniels na cikin waɗanda suka fi kowa iya kutsawa ta saman shinge? Shawarar musayar ita ce abin tuhuma, kuma ba Gobert kaɗai ya yanke ta ba.

Ba ina cewa ba shi da rauni ba. Yana da shi, kuma gaskiya ne akwai daren da dogo mai ja da baya ke zama nauyi ga ƙungiyarsa. Abin da nake cewa shi ne, a wannan dabarar, wanda aka ci a kansa sau da yawa shi ne wanda ya zo biyan bashin da wani ya ci. Mai kallo na bin ƙwallo da ido, koci kuwa yana kallon mutum na uku, wanda ke tsaye a ɓangaren da babu ƙwallo. Aikinsa ne ya baro mutuminsa ya shigo ya tokari mai gangarowa da ƙirji, ya jinkirta shi na ɗan lokacin da dogon zai dawo, sannan ya koma kusurwa da gudu, hannu sama, ba tare da ya yi tsallen da za a wuce shi ba. In ya shigo da wuri, an ga kusurwa a buɗe. In ya makara, an danna ƙwallo. In aka miƙa wa mutuminsa kafin ya koma, na huɗu ya karɓa, shi kuma ya wuce wurin mutumin na huɗun. Babu jadawalin da ke rubuta wannan aikin, babu wanda ake tafa wa saboda shi, amma da shi ake gane ƙungiyar da ta iya tsaro.

Duk wannan kuma ba ya yiwuwa sai da baki. Wanda ke gadin mai ƙwallo ba ya ganin shingen da ke tahowa ta bayansa. Dogon da ke baya shi ke ganin fili duka, shi zai faɗa masa shinge na zuwa, ta hagu ko ta dama, da abin da za a yi. In kiran ya makara da rabin daƙiƙa, mai gadi ya yi karo da ƙirjin mutum mai kilo ɗari da wani abu. Kevin Garnett, gwarzon mai tsaro na 2008, da murya ya riƙe tsaron Boston kamar yadda ya riƙe shi da tsawon hannu. Haka Green a Golden State, haka Marc Gasol. Gasol ɗin ne Masai Ujiri, shugaban Toronto Raptors na lokacin, wanda ya tashi a Zariya, ya ɗauko a tsakiyar kakar 2018-19 ya haɗa shi da Kawhi Leonard da Kyle Lowry da Serge Ibaka da Pascal Siakam ɗan Kamaru. Da mutane masu kai irin waɗannan, koci Nick Nurse ya samu damar sauya tsari a tsakiyar wasa yadda ya ga dama. A wasa na biyu na zagayen ƙarshe da Golden State, da Durant ba ya nan, Thompson kuma ya fita da rauni, sai ya sa Fred VanVleet ya manne wa Curry, sauran huɗun suka tsare yanki, tsarin da aka fi sani a wasan 'yan makaranta. Toronto ta ci kofin da huɗu da biyu.

Boston ta 2024 ta kawo wata amsar ga Dončić ɗin da ya gagari Minnesota makonni kaɗan kafin nan. Koci Joe Mazzulla ya ɗora Jayson Tatum a kan dogayen Dallas, ya ɓoye nasa dogon a kan wanda jifansa bai cika ba da tsoro ba. In Dallas ta kira dogonta ya kafa shinge, musaya za ta kawo wa Dončić Tatum ne, ba mai nauyin ƙafa ba. Ga Holiday, ga Derrick White, ga Jaylen Brown, duk inda ya juya mai gadi ne na gaske. Tunda babu buƙatar kawo ɗauki, cillawa sama da jifan kusurwa, waɗanda Dallas ta rayu a kansu har ta kai zagayen ƙarshe, suka ƙafe. Dončić ya ci makinsa, abokansa suka bushe, Boston ta ɗauki kofi na 18 da ci huɗu da ɗaya. Sai dai tsari ne na mai hali. Kafin ka kwaikwaye shi sai ka tara mutum biyar da babu na farauta a cikinsu, ƙungiyoyin da ke da haka kuwa ba su da yawa.

Masu kai hari ma ba su zauna ba. Akwai salon da ake dangantawa da tawagar Sifaniya, inda mutum na uku, maharbi, ke zuwa ya kafa wa dogon mai tsaro shinge ta baya a daidai lokacin da yake ja da baya, sannan ya fice bayan layi. Mutum uku ne yanzu za su yanke shawara ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. A Denver Nuggets kuma, wadda ta ci kofin 2023, mai kafa wa Jamal Murray shinge shi ne Nikola Jokić, wanda ya fi kowa a fili iya miƙa ƙwallo, yana jifa daga nesa, in ka sa masa gajere ya tura shi har gindin kwando. Wani lokaci ma su juya abin, Jokić ya riƙe ƙwallo, Murray ya kafa masa shinge.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai koyon wasan a Kano ko Zariya ko Yamai ya riƙe kafin ya ɗauki abin da ya gani a talabijin ya kai fili. Gasanninmu da dokokin hukumar FIBA ake buga su, kuma a FIBA babu dokar daƙiƙa uku a kan mai tsaro. Dogo na iya kafa sansani a gindin kwando yadda ya so. Filin ya fi na NBA ƙanƙanta kaɗan, layin maki uku yana mita 6.75, saboda haka tazarar da mutum na uku zai yi gudu tsakanin mai gangarowa da kusurwa ta ragu. Maharban da za su hukunta ka daga mita takwas kuma ba su da yawa a wajen NBA. Duk waɗannan suna ƙara wa ja da baya da zagayawa ta ƙasan shinge daraja, suna rage dalilin yin musayar da za ta bar yaro gajere a bayan ƙato. A ƙarƙashin waɗannan dokokin ne Gobert ya ci maki 21 ya kuma tsinci ƙwallo 16 ranar da Faransa ta fitar da Amurka daga gasar cin kofin duniya ta 2019 a Sin, da ci 89 da 79.